Jan Wake a Gorar Dama

Ku da aka ɗauka aiki bana, na lura da ku sarai. Kowa da na'urarsa a hannu, ya latsa nan ya latsa can, lissafi ya fito kafin shayi ya huce, sannan ku riƙa kallona kamar wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana dakan ruwa a turmi. To, ku gyara zama. Na'ura abin da ka zuba mata kawai take lissafawa. Ba ta san zaure ba, ba ta san kunya ba, kuma a ƙasar Daura wanda bai san waɗannan biyun ba bai fara aikin ƙididdiga ba tukuna.

Ranar da na kama aiki a ofishin lafiya, aka haɗa ni da Malam Isuhu, wani dogon dattijo da fensir ba ya barin bayan kunnensa sai zai yi alwala. Na zo da sabon biro da takardar makaranta, ina jiran a ba ni tebur. Sai ya jawo wani ƙaramin buhu daga ƙarƙashin kujerarsa, cike da wake, fari da ja a gauraye. Ya ce in tsoma hannu ba tare da na duba ba, in ƙirgo ɗari, in gaya masa jajaye nawa ne. Na samu ashirin da uku. Ya ce in mayar, in girgiza, in sake. Wannan karon talatin da ɗaya. Ya tambaye ni wane buhu ya fi jan wake, na farko ko na biyu. Na buɗe baki zan ce na biyu, sai na tuna buhu ɗaya ne. Ya yi dariya har fensirin ya faɗo.

"Mamman, aikin ke nan gaba ɗaya," in ji shi. "Hannu biyu daga buhu ɗaya ba sa zuwa daidai. Kafin ka ce mutanen nan sun bambanta da waɗancan, sai ka tabbata ba hannunka ne ya yi maka wasa ba."

Mako guda na yi ina ɗibar wake, ina rubutawa, ina jin haushi. Amma kafin makon ya ƙare na fara ganin abin da idona. Lambobin suna tsalle, amma tsallen yana da iyaka, kuma idan na ɗebi da yawa sai tsallen ya ragu. Wallahi ranar da na gane haka, da ƙafa na koma gida ina murmushi ni kaɗai, har wani mai shayi ya tambaye ni ko albishir aka yi mini.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Katakon ɗora takarda, fensir, reza, kilina, kalkuleta mai cin hasken rana, da wani tsohon littafi da shafukansa na baya suke cike da jerin lambobi. Sai keken rubutu wanda ba shi da baƙaƙe masu lanƙwasa. Shi ya taɓa buga mana tambaya ta fito "Ka taba shan taba?", wani sabon ma'aikaci ya karanta wa dattijo ita yadda ya gani, dattijon ya ce shi bai san taba iri biyu ake haɗawa yanzu ba. Akwai kuma kwalba, ta lemo, ina jaddada muku, ta lemo. Idan muka shiga unguwa sai mu juya ta a ƙasa, inda bakinta ya nuna nan za mu bi, muna tsallake gida huɗu mu shiga na biyar. Masu unguwanni ba sa son wannan kwalbar ko kaɗan. Kowa yana da gidajen mutanen kirki da yake so ya kai baƙi, mu kuma sai mu yi ta ba da haƙuri, muna cewa kwalba ce ta zaɓa.

Yadda ake gwada kaso biyu kuwa, da zancen kotu Malam Isuhu ya koya mini. Ya ce ka ɗauka "babu bambanci" shi ne wanda aka kawo ƙara, yana zaune abinsa, kai mai cewa akwai bambanci kai za ka kawo shaida. Ka fitar da kason masu tari a cikin masu shan taba, ka fitar da na waɗanda ba sa sha, ka ɗebe wannan daga wancan. Sai ka haɗa mutanen duka kamar buhu ɗaya, ka lissafa irin tsallen da sa'a kaɗai za ta iya kawowa, ka raba bambancin da wannan tsallen. Idan abin da ya fito ya haye kusan biyu, to irin wannan tazarar ba ta cika fitowa daga buhu ɗaya ba, bai fi sau ɗaya cikin ashirin ba, shaidarka ta zauna. Idan bai kai ba, an sallami wanda ake ƙara. Amma yakan ɗaga yatsa a nan ya ce sallama don ƙarancin shaida ba ita ce wanke mutum ba, kuma rabin masu wannan aikin a nan suke faɗuwa.

Shekarar da ta gwada ni ita ce shekarar da ya yi ritaya ya koma gonarsa a Dutsi. Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba. Ba wanda ya kafa doka a kan sigari, amma gari ya ɗauki wani irin nauyi. Wa'azi ko'ina, kowa yana gyara tafiyarsa. Mai tireda da ke jera kwalaye a sama sai ya mayar da su ƙasan tebur. Mutanen da a da suke busa hayaƙi a bakin tasha suka koma bayan katanga. Tabar ba ta ragu ba, ɓuya ta koya.

A wannan lokacin aka kawo mana sabuwar likita, wata 'yar Baure mai saurin magana da saurin tafiya. Ta lura maza magidanta suna zuwa asibiti da tarin da ya daɗe, kuma ba sa zuwa sai ya ci ƙarfinsu. Tana so a ware rana guda a mako, a kai gwajin majina tasha da kasuwa inda mazan suke, kuma limamai su sa baki. Shugabanni suka ce ta kawo hujja daga mutanenmu, ba daga littafin Turawa ba. Tambayar ɗaya ce: tarin da ya wuce mako uku, ya fi yawa a cikin masu shan taba ko kuwa duk ɗaya ne? Aka ɗora ni a kan aikin, karo na farko da sunana zai hau kan rahoto. Idan hujja ta fito za a yi gwajin, idan ba ta fito ba maganar ta mutu.

Na zuba ƙarfina. Na horar da ma'aikata, na raba unguwanni daga cikin Daura har ƙauyukan Mai'adua, na hana kaina zuwa unguwarmu kamar yadda ƙa'ida ta ce. Takardu suka dawo tsaf, ba gurbin da aka bari. Na raba su tari biyu a kan tebur, na masu sha da na waɗanda ba sa sha. Na farkon ɗan siriri ne, na biyun kuwa har yana neman zubewa. Na danna kalkuleta. Kason masu tari a nan da can kusan ɗaya. Na raba, lambar ko ɗaya ba ta kai ba, balle biyu. Na sake sau uku, amsa ba ta motsa ba. Raina bai so ba, amma na ce abin da ya fito ke nan, na fara rubuta rahoto.

Ina mayar da takardun cikin kwali sai idona ya faɗa kan guda. Ba ma rubuta suna, sai lambar unguwa, lambar gida, shekaru da sana'a. Wannan ta unguwarmu ce, sana'a gyaran babur, shekarun kuma na Yaya Sale ne, wana da nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Kwalba ta kai su gidanmu ban sani ba. Tari fiye da mako uku: e. Shan taba: a'a.

Na zauna na riƙe kai. Yaya Sale tun yana saurayi yake sha. Na sani, matarsa ta sani, ƙila ma rabin garin sun sani. Mutum ɗaya ne ba a taɓa bari ya ji ba, shi ne Baba, na'ibin limamin unguwarmu, wanda wuni yake a zaure da littattafansa. Na kira Garba, ma'aikacin da ya yi unguwar, na tambaye shi a ina yake zama idan zai yi wa mutum tambayoyi. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas take. A zaure mana, in ji shi, ina kuma? Maigida yakan shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a kira mazan gida ɗaya bayan ɗaya, dattijo yana zaune. Na kira sauran, duk labarin ɗaya.

Kun ga abin da ya faru? Magidancin da ya shekara ashirin yana sha, yana tari, an tambaye shi gaban ubansa ko surukinsa, ya ce a'a, ya tafi da tarinsa cikin waɗanda ba sa sha. Waɗanda suka ce e kuwa yawanci samarin tasha ne da ba ruwansu da idon kowa, ƙirjinsu bai riga ya gaji ba. Mun zuba buhu biyu a cikin juna da hannunmu, sannan muna mamakin launinsu ya zo ɗaya. Kuma laifin ba na Garba ba ne, ladabi ya yi. Ni ne ban faɗa masa inda zai zauna ba.

Zuwa wurin likita ya fi komai wuya. Na ce mata aikin ya ɓaci, kuma ni na ɓata shi. Na ce na gane takarda ɗaya, na san amsarta ba gaskiya ba ce. Ta tambaya ta wane ne, na ce ranki ya daɗe, wannan ba zan faɗa ba ko da zai ci aikina. Ta ce takarda ɗaya ba ta rushe bincike, na ce haka ne, amma zaure ɗaya ne a kowane gida. Daga nan ta ba ni mako biyu, ta ce idan na dawo da shirme, ɗakin ajiye katin marasa lafiya yana neman mai share ƙura.

Washegari na hau babur sai Dutsi. Na tarar da Malam Isuhu a gona ana roron wake, har yanzu fensir yana bayan kunne. Na zayyana masa komai ban da sunan mai takardar, shi ma bai tambaya ba. Ya ce Bahaushe ba ya ƙi gaskiya ba ne, ido yake gudu, don haka a cire ido daga cikin maganar. A gindin wani gawo muka ƙulla dabarar, ni ina kawowa yana gyarawa. Ma'aikaci zai tambayi mutum zancen tari kawai, wannan ba abin kunya ba ne. Mai dogon tari a ba shi jan wake ƙwaya ɗaya, marar tari a ba shi fari. Sai mutum ya shiga bayan zana shi kaɗai, inda gora biyu suke, masu ƙaramin baki da ƙwaya ɗaya kawai ke shiga. Ɗaya an ɗaura mata kwalin sigari, ɗaya ba komai. Ya jefa inda ya san nasa ne, ya fita.

Na ce sai mu ajiye ta masu sha a hagu. Ya ce kul.

"Ka sa ta a hagu ka riga ka yanke musu hukunci. Wa zai kai hannunsa hagu alhali ga dama? Ajiye ta a dama, ka girmama mai gaskiya."

Ya kuma sa na yi alkawari biyu. Ba za a buɗe gora a kowace unguwa ba, sai an gama duka a buɗe a Daura, yadda ba mai cewa waken wane ne wannan. Kuma in rubuta ƙa'idar gwajina in sa hannu kafin in buɗe, duk abin da ya fito in kai shi tare da sakamakon farko. Ya ce wanda yake maimaita awo har sai ya samu abin da ransa ke so, ba awo yake ba, roƙo yake.

Gwajin farko a wata makarantar firamare muka yi, ranar da ba karatu. Mutum na farko ya shiga, sai muka ji ƙwas, ƙarar wake a busasshiyar gora, kuma kowa a waje ya san daga wane ɓangare ta fito. Dattawan da ke kan benci suka dubi juna. Na tsayar da aiki nan take, na aika aka sayo auduga, muka cusa a gindin kowace gora, na jefa da kaina sau goma ina sa Garba ya saurara daga waje. Shiru. Mutumin farkon muka mayar masa da wakensa ya sake. Wani tsoho kuma ya leƙo daga bayan zana ya ce shi ba ya sha, ci yake, da kanwa, ina tasa gorar? Muka ce Baba, yau hayaƙi muke nema, jefa a waccan. Ya fito yana gunaguni cewa ko a nan ma an raina masu taba gari.

Kwana goma muna yawo, gora biyu a ɗaure bayan babur cikin tsumma, zana a naɗe a kafaɗar Garba, muna bin gidajen da kwalba ta zaɓa tun farko. Abin ya zama abin kallo. Wasu da ba sa cikin jerinmu suna roƙon a ba su wake, muna hanawa. Ranar unguwarmu ban je ba. Na zauna a ofis ina feƙe fensiran da ba sa bukatar fiƙa.

Ranar buɗewa likita da kanta ta zo, ta karanta takardar ƙa'idar da na sa wa hannu, ta ce bismillah. Muka fasa gorar hagu a kan faranti, ta dama a kan wani. Jama'a, tun kafin a ƙirga na ga abin da idona. Gorar dama da na zata za ta zo da 'yan tsiraru sai ga ta da nauyinta, kuma ja yana ta ƙyalli a cikinta. Amma na tuna buhun Malam, na ce ido ba alƙali ba ne. Muka ƙirga sau biyu, ni sau ɗaya Garba sau ɗaya. Na fitar da kaso, na haɗa, na raba a kan kalkuleta. Lambar ta haye biyu, ta haye da tazara. Ban san lokacin da na miƙe na yi kabbara ba. Garba ya rungume ni, likita ta ce in zauna in sake lissafin a gabanta, na sake, tana nan daram. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na wannan yinin ba, kuma ba na jin zan ƙara.

A rahoton na sa duka biyun, na zaure da na gora, na bayyana dalilin bambancinsu. Na kuma rubuta abin da lissafin bai ce ba. Bai ce duk mai sha yana tari ba, bai ce taba kaɗai ce sanadi ba, akwai ƙurar aiki da hayaƙin inji da shekaru. Abin da ya ce shi ne tazarar ta fi ƙarfin sa'a. Wannan ya isa. Aka amince da gwajin majina a tasha duk ranar Laraba.

Bayan kamar mako guda babur ɗina ya fara cin mai, na kai wa Yaya Sale rumfarsa da hantsi. Bai taɓa yi mini zancen aikina ba, kuma tsakaninmu ba a taɓa ambaton taba ba, shi wa ne, ni ƙane. Yana tsugune yana kwance kafireto, tarin ya taso masa, ya juya baya har ya lafa. Ya goge hannu da tsumma, bai dube ni ba.

"Mamman, gorar nan ta dama. Mu nawa ne a ciki?"

Mu, ya ce. Na ce da yawa, Yaya, fiye da yadda kowa ya zata. Ya tambaya jajayen fa, na ce su ma da yawa. Sai na ga ya kamata in faɗa masa abin da Malam zai faɗa, na ce amma lissafi zancen taro yake yi, bai san me ke ƙirjin mutum ɗaya ba, ko sunanka bai sani ba.

"Ai shi ya sa na gaya masa gaskiya," in ji shi.

Ya mayar da kafireto, ya ɗaure, ya buga babur ɗin ya tashi, ya saurari ƙararsa, ya kashe. Sannan ya tambaye ni wace rana ake gwajin. Na ce Laraba, da safe.

"To, ka zo nan ka ɗauke ni. Kada ka biyo ta ƙofar gida."

Ranar Laraba tun kafin ya buɗe rumfa ina tsaye a wurin.